Sifili Arba'in da Ɗaya na Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga gida, tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya lau, kai da Anti da yaran duka. Yaya aiki, yaya sanyin nan da ka ce ya hana ku sakat? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a nemanka, ya raya mana yaran. Ciwon bayan da ka ambata wa Umma a waya kana dariya, ita fa ba ta ɗauke shi da wasa ba. Kullum yana cikin addu'arta, kuma ta ce in gaya maka ka je likita ya duba ka, ka bar shafe-shafen da ba su da kai.

Nan kowa lafiya, sai godiya. Gwiwar Umma ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har ta koma zagayen tsakar gida tana yi wa masu shanya faɗa. Idon Baba yana nan yadda ka sani, yana gane mutum tun daga bakin ƙofa, amma ƙananan rubutu sun gagare shi, don haka yanzu ni ce idonsa a kan takarda. Auta ta gama jarrabawa, tana zaune tana cinye mana abinci da sunan jiran sakamako. Kawu ya ƙara ƙiba, shi kuwa ya rantse tela ne ya matse masa riguna. Ni ma ina nan ina fama da gyaran rubutun mutane a gidan jarida, in na tashi da la'asar in biya shago.

Na zaɓi in rubuto maka doguwar takarda ne domin a waya ba ka barin mutum ya kai aya, maganar kuma tana da kai da ƙafa. A taƙaice, sa hannunka muke nema kafin ƙarshen watan nan, saura kwana goma sha ɗaya daga yau. Idan bai zo ba, farashin hatsi na shekara goma sha huɗu da aka tara a shagonmu zai zauna a kulle cikin tsohuwar kwamfutar nan, ita kuwa yanzu in an kunna ta ƙara take yi kamar injin niƙa, sau biyu tana ɗaukewa a makon jiya. Amma kada gabanka ya faɗi. Labarin mai daɗi ne, har yanzu da nake rubutun nan murna ba ta sake ni ba.

Ka tuna manhajar da ka saka wa Baba wata biyu kafin tafiyarka, wadda ake shigar mata farashin masara da wake da gero da shinkafa kowace rana, ita kuma ta zana layi mai hawa da sauka? Kai ka saka ka tafi, ba ka ga abin da ta zama ba. Baba bai taɓa tsallake rana ba. Da idonsa ya raunana, Kawu ya karɓa, Baba yana zaune a kujerarsa yana faɗa, shi yana dannawa. 'Yan layinmu suna kiran zanen nan zaren Baba. Kafin mutum ya cika sito ko ya fitar da abin da ya ajiye, sai ya leƙo ya ce a ja masa zaren wake na shekara biyar ya ga watan da yake tashi da watan da yake kwanciya. A hankali shaguna talatin da wani abu suka sayi tasu manhajar, kuma kusan duk Baba ne ya koya musu hannu. Amma babu mai dogon zare kamar namu.

To, farkon watan nan kamfanin ya aiko saƙo cewa sun fito da sabuwa, tsohuwar kuma daga ƙarshen wata sun janye hannu daga kanta, babu gyara, babu juya bayanai zuwa sabuwar. Yaya, ka ga layinmu ranar kamar an jefa dutse a gidan rina. Mutum uku ba sa haɗuwa sai ka ji maganar. Na zauna na saurara, na ga duk hayaniyar abu uku ce. Na farko, mutane suna tsoron in sun sabunta, abin da suka tara ba zai buɗu a sabuwar ba. Na biyu, lasisi. Sun saya sau ɗaya aka ce musu na har abada ne, yanzu kuma ana raɗe-raɗin shekara-shekara za a koma. Na uku, tsohon lasisin a jikin kwamfuta ɗaya yake ɗaure, to in ta mutu fa? Dogo mai wake, wanda ka sani da baki, yana yawo shago-shago yana cewa wai har abadan kamfani shekara goma ce da 'yan kai, kuma shi ba zai yi cinikin biri a sama ba.

Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa ya yi dabara, ya rubuta wa kamfanin su turo mutum ya zo ya amsa da bakinsa. Suka turo wata mata, kowa Injiniya yake ce mata, 'yar siririya mai gilashi, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Aka taru a ofishin ƙungiya, ɗakin nan mai benci huɗu da fankar da ba ta juyawa sai an tura ta da sanda. Kawu ya ce in zo in rubuta abin da aka faɗa, tunda aikina ne. Gaskiya matar ta burge ni, ba ta kwana-kwana. A kan lasisi ta ce duk wanda ya sayi na dindindin yana nan da abinsa, zai shigar da farashinsa ya ja zarensa a sabuwar ba tare da an sake neman komai a wurinsa ba. Abin da ake biya shekara-shekara shi ne sabon ƙarin da ke kawo farashin wasu kasuwanni kai tsaye, wanda ba ya so kuma ba dole. Na ce ta nuna mana inda aka rubuta haka, ta buɗe takardar sharuɗɗa, na karanta wa jama'a sakin layin da ƙarfi har sau biyu. A kan mutuwar kwamfuta ta ce sabon lasisin a jikin mutum yake, ba a jikin na'ura ba, kuma yana hawa na'ura biyu. Nan aka fara gyaɗa kai.

Dogo ya miƙe ya ce duk wannan zance ne, gani ya kori ji, a ɗauko zaren Baba a juya shi a gaban kowa, in ya tsallake lafiya to na kowa zai tsallake. Kawu ya dube ni, na dube shi. Muka kwafo fayil ɗin a filashi, na tabbatar asalin yana nan ba a taɓa shi ba, muka miƙa mata. Ta juya shi cikin minti biyu, ta haska a bango, ta ja zaren masara. Wayyo Yaya! Maimakon layin nan da muka sani mai tafiya kamar bayan tudu, sai ga abu kamar haƙoran mataji. Ya yi tafiya kaɗan sai ya faɗo ƙasa warwas, ya sake tashi, ya sake faɗowa. Manhajar kuma ta kama ƙara tana nuna jan rubutu, wai farashi ya faɗi, lokacin saye ne. Sai Dogo ya ce ashe sau arba'in ana raba masara kyauta a kasuwar nan shi ba a taɓa kiransa ba, Allah ya isa tsakaninsa da maƙwabta. Aka tuntsire da dariya, amma dariyar tashi ce, don mutane sun fara neman takalmansu. Wani yana cewa dama ya faɗa, sabon abu ba ya ganin girman tsoho. Kawu kuwa gumi kawai yake sharewa, domin abin da ya gani a bango shi ne wahalar shekara goma sha huɗu ta koma shirme.

Injiniya ta tsaya tana duba abin, ta ce a gaskiya ba ta taɓa ganin irin wannan ba, wataƙila fayil ɗin ne ya lalace saboda tsufan kwamfutar. Ni dai hankalina bai kwanta da haka ba. A wurin aikinmu an koya mana cewa in ka ga lamba ta fita daban, kafin ka zargi injin buga takarda ka nemi wanda ya rubuta ta. Lalacewa ba ta zaɓe, ita kuwa wannan faɗuwar a tsare take: duk ranar da masara ta faɗi, wake da gero da shinkafa ma sun faɗi tare da ita, kuma duk a kan sifili cif. Na roƙe ta ta fitar mini da jerin ranakun. Ta buga mini a takarda, guda arba'in da ɗaya.

Na wuce gida kai tsaye na sami Baba a zaure yana sauraron rediyo. Na ce zan karanta masa wasu ranaku ya gaya mini abin da ya tuna. Na faro daga na kusa ina komawa baya. Ina faɗar ta farko ya ce ai ranar ce ruwa ya cinye gadar shigowa, mota ko ɗaya ba ta iso ba. Ta biyu ya ce yajin aikin direbobi ne, kwana uku, in duba zan ga ranaku uku a jere. Na duba, uku ne. Wata ya ce gobarar layin masu buhu, wata ya ce rasuwar tsohon shugaban ƙungiya, wata ranar da aka rufe kasuwa don gyaran magudana. Yaya, mutumin da ke manta inda ya ajiye carbinsa, sai ga shi yana zuba ranakun shekara goma kamar jiya. Na ce to Baba me ya kawo sifili? Ya dube ni kamar na tambaye shi abin da ya sa ruwa ke jiƙa mutum. Ya ce tsohuwar manhajar ba ta yarda a rufe rana sai an ba ta lamba, ranar da kasuwa ba ta ci ba kuwa shi ba zai ƙirƙiro farashin ƙarya ba, sai ya ba ta sifili ta ƙyale shi. Ita kuma tsohuwar in ta zo zane tsallake sifilin take yi, shi ya sa ba wanda ya taɓa gani. Sabuwar ce mai gaskiya da yawa, an ce mata sifili ta ɗauka sifili.

Wallahi ban san lokacin da na yi tsalle ba, har Umma ta leƙo tana tambaya ko kunama ce. Na kira Injiniya nan take na bayyana mata. Ta yi dariya ta ce su a ofis sun gwada juyawar da fayil ɗari, amma duk fayilolin da su suka shirya ne, kuma a cikinsu babu mai gada da ruwa ya cinye. Ta ce a ba ta kwana huɗu. Rana ta huɗu ta dawo, an ƙara wa manhajar tambaya guda a lokacin juyawa, ko sifili farashi ne ko kuwa ranar da ba a yi ciniki ba ce. Ta kuma ƙara wani ɗan gurbi a gefen kowace irin wannan rana inda mutum zai rubuta dalili.

Taro na biyu ya fi na farko cika, har da masu leƙe ta taga. Wannan karon Baba da kansa ya ce a kai shi, ya sa babbar rigarsa, aka ba shi kujera a gaba. Ta juya fayil ɗin, ta ja zaren masara, sai ga shi ya miƙe lafiyayye tun daga shekarar farko har jiya, babu haƙori ko ɗaya. Kawu ya ce a ja na wake, aka ja. Ya ɗauko tsohon littafinsa na ciniki ya zaɓi ranaku goma barkatai, ina karantawa tana dubawa, goma cif suka dace. Ɗakin ya ɗauki kabbara da tafi. Baba ba ya ganin bangon sosai, sai ya ce in kama hannunsa in bi da shi kan layin, na bi da yatsansa tun daga wannan kusurwa har waccan, yana murmushi yana cewa nan ne shekarar fari, nan ne shekarar da aka yi yalwa. Mafi daɗin abin, da aka juya na sauran mutane sai aka ga kowa yana da sifilinsa, tunda kusan duk a hannun Baba suka koya. Na Dogo guda ɗari biyu da sha bakwai ne. Shugaba ya tambaye shi ko gadarsa daban ce da ta kowa. Dogo ya ce shi ranar da ciniki bai yi masa daɗi ba ma ba ya lissafa ta cikin ranakun duniya. Shi ne kuma na farko da ya miƙa filashinsa, yana cewa dama shi tun farko ya san matar nan ta san aikinta.

Yanzu shaguna ashirin da shida sun sabunta, kuma abin yana da kyau ƙwarai. Rubutun ana ƙara masa girma har Baba ya iya gane lamba in ya matso, kuma ana ajiye kwafin bayanan a waje, ko kwamfuta ta mutu ba a yi asara ba. Mu da muka warware wa kowa matsala, mu ne muka rage a baya. Abin da aka haska a bango gwaji ne kawai, ba ya ajiyuwa. Juyawa ta gaskiya sai da izinin mai lasisi, da Injiniya ta duba rajista kuwa sai ga sunanka da tsohon imel ɗinka, wanda ka buɗe tun kana makaranta. Kawu ya yi ta roƙonta, ya ce kai ɗansa ne, shi ya yi maka wanka kana jariri. Ta ce ta yarda, amma da za ta sauya mai lasisi don wani ya ce shi kawu ne, gobe wani kawun zai zo ya kwashe na wani. Na ga gaskiyarta, ban ja ba.

Ga abin da za ka yi, don Allah kada ka ajiye sai gobe. Takarda mai shafi biyu tana haɗe da wannan. Ka cike shafin farko, ka sa hannu a na biyu inda na yi alama, inda aka ce sabon mai lasisi kuma mun riga mun rubuta sunan shago. Ka ɗauki hotonta tare da katin shaidarka ka aika adireshin da ke ƙasan takardar. Za su turo lamba shida zuwa tsohon imel ɗin, ka turo mini ita da zarar ta shigo, don awa ɗaya take yi ta mutu. Idan ka manta lambar sirrin imel ɗin, kuma na san ka manta, ka gaya mini yau ba gobe ba, akwai wata hanyar amma tana cin mako guda, mu kuwa kwanakinmu ƙidayayyu ne. Kafin nan na kwafi fayil ɗin wuri uku, ɗaya yana cikin akwatin Umma ƙarƙashin zannuwa, amma kwafin da ba shi da mabuɗi ajiyar banza ce.

Saura abu guda da ban gaya maka ba. Na ce maka ranakun arba'in da ɗaya ne, kuma daga na kusa na faro. Arba'in Baba ya ba ni dalilinsu ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Da na zo ta ƙarshe, wato sifilin farko da aka taɓa sakawa, na karanta masa ranar, sai ya kama murza rediyonsa. Na sake karantawa, na zaci bai ji ba. Umma ce daga bakin ƙofa ta ce in bar shi, ai ranar ce aka raka ka tasha. Sai da aka jima Baba ya ce ranar kasuwa ta ci sosai, har motoci sun yi layi, shi ne dai da ya dawo ya zauna a shago bai tambayi kowa farashin komai ba. Da yamma ta yi manhajar ta ƙi rufuwa, kai kuma da zai tambaya yadda ake yi kana cikin mota, sai ya danna sifili ya ga ta yarda. Daga nan abin ya samo asali. Ka ga ashe duk wannan hargitsin da ya tayar da layi guda, har kamfani ya sake gyaran manhajarsa, kai ne mafarinsa.

Na rubuta dalilai arba'in ɗin a takarda, suna jiran ranar da za a juya namu in shigar da su. Na tambayi Baba me zan sa a gurbin na farkon, ya ce kada in sa komai, wanda ya jawo shi shi zai cike. Na ce ai da sauƙi, Injiniya ta ce lasisin yana hawa na'ura biyu, kana iya rubutawa daga can. Ya ce shi bai ce daga can ba. Ya ce sa hannu dai a aiko ta waya tunda ana sauri, amma wannan gurbin a kan kujerar shago ake cike shi, kuma shi ba ya gaggawa, wanda ya jira shekara goma sha huɗu bai ƙi ya ƙara 'yan watanni ba. Na faɗa maka yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata turaren ya iso kuma Umma ta ɓoye shi ta hana kowa. Ka shafa mini kan Babban Mutum da Gimbiya, ka ce wa Gimbiya na ga zanenta, na manna shi a bangon ofis. Baba da Umma suna sa muku albarka. Kawu yana gaisuwa, ya ce ka tuna shi ya yi maka wanka. Auta ta ce a gaishe ka, wai kada ka manta alkawarin waya in sakamako ya yi kyau. Gwaggo da mutanen gidanta, da Dogo mai wake, duk suna miƙo gaisuwa. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Ina jiran lamba shida. Baba kuma ka ji abin da yake jira.

Taka har kullum,
Ƙanwarka ta gidan jarida